Ruɗewar farat ɗaya a wajen tsofaffi: tambayoyin masu jinya da amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa a bakin masu jinyar iyaye da kakanni, wasu a gida wasu a gefen gadon asibiti. Kowa ya duba wadda ta shafe shi, amma dai ba za su tsaya a madadin likitan da ya ga marar lafiya da idonsa ba.

Baba lafiya lau ya kwanta, da safe ya tashi bai san inda yake ba, sai surutai. Mene ne wannan?

Abin da likitoci ke kira diliriyam ke nan, a nan za mu riƙa ce masa ruɗewar farat ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce ta rikice saboda wani abu da ke damun jiki, ko ciwo ko magani ko ƙarancin ruwa, kuma yawanci tushen abin ba a kai yake ba, yana can a huhu ko mafitsara ko cikin jini. Yaro idan ciwo ya kama shi jikinsa ne ke yin zafi rau, tsoho kuwa sau da yawa hankalinsa ne ke fara nunawa kafin komai.

Da abu uku ake gane ta. Tana zuwa da sauri, cikin awanni ko kwana 1 zuwa 2. Hankalin mutum ba ya tsayuwa wuri ɗaya, kana masa magana ya biyo ka rabin zance sai ya ɓace, ko ya ta da sallah ya kasa sanin raka'a nawa ya yi alhali shekara 60 yana yin ta. Sannan abin ba ya zama yadda yake, kamar wutar lantarkinmu ne a kawo a ɗauke, da hantsi ya gane kowa har da tsokanar jikoki, bayan magariba ya ce a buɗe masa ƙofa zai tafi gona. Kuma ba baƙon abu ba ne, kusan 1 cikin 4 na tsofaffin da ke kwance a asibiti suna samun ta.

Toh ba gigin tsufa ba ne? Ai shekarunta sun ja

Gigin tsufa lallaɓowa yake yi cikin watanni da shekaru, yau an manta inda aka ajiye carbi, baɗi an manta hanyar gidan maƙwabta, amma mutum idonsa biyu kuma yana bin zance. Ku tambayi kanku abu ɗaya: makon jiya haka take? Idan amsar a'a ce, toh ku ɗauka ruɗewar farat ɗaya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Tsufa shi kaɗai ba ya rikita mutum a dare ɗaya.

Inda abin ke da wuya shi ne biyun suna haɗuwa, asali ma mai gigin tsufa ya fi kowa saurin samun ruɗewar. Sai ka ji 'yan gida sun ce "ai dama ta rikice", shikenan an rufe maganar, alhali tsohuwar da jiya take cin abinci da hannunta tana zuwa bayi da kanta yau ta kasa, wannan sabon abu ne ya hau kan tsohon.

Tamu ba ta ihu ba ta fisge-fisge, barci kawai take ta yi. Ita ma hakan ne?

E, kuma wannan ce ta fi ba ni tsoro. Ruɗewar kala uku ce, akwai mai tashin hankali, akwai mai sanyi, akwai mai haɗa biyun. Mai tashin hankali kowa na gani, ana cire allurar ƙarin ruwa ana neman sauka daga gado, dole a kira nas. Mai sanyin kuwa mutum yana kwance shiru, a tashe shi ya buɗe ido ya ce "uhm" ya koma, an kawo kunu ya kurɓa sau biyu ya bari cokali na hannunsa, sai kowa ya ce Alhamdulillahi yau ta samu barci. Ita aka fi kuskurewa a asibiti ma, kuma ƙarshenta ya fi muni saboda mutum ba ya ci ba ya sha, ga gyambon kwanciya, ga ƙwarewa da abinci. Tsohon da ya koma yawan barci farat ɗaya a duba shi ranar.

Me ke kawo ta?

Da wuya ya zama abu ɗaya, yawanci biyu ko uku ne suka taru. Na kan gaba su ne ƙwayoyin cuta: limoniya, ciwon mafitsara, maleriya, gyambon ƙafar mai ciwon suga da ya ruɓe, sanƙarau a lokacin zafi. A shekarar 2020 an ga tsofaffi da yawa da korona ta fara nunawa a jikinsu da ruɗewa tun kafin tari. Sai ƙarancin ruwa a jiki, suga ya faɗi ko ya hau sosai, gishirin jini ya yi ƙasa, ƙoda ko hanta ta gaza, zuciya ta kasa, iskar oksijin ta yi kaɗan, shanyewar ɓarin jiki, da magunguna waɗanda suna da amsarsu daban a ƙasa.

Akwai guda uku da ake rainawa saboda ana jin nauyin tambayar iyaye. Na farko bayan gida, tsoho ya yi kwana 4 ko 5 bai zaga ba kuma ba wanda ya sani. Na biyu riƙewar fitsari, musamman maza masu kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji, mara ta cika ta yi tauri fitsari na fita ɗis-ɗis, mutum na ta juye-juye yana kama wando ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, ana sa robar fitsari sai ka ga ya lafa cikin awa ɗaya. Na uku zogin ciwo da ba a ba shi magani ba. Sannan ku tuna ko ya taɓa faɗuwa ya bugu a kai, ko da makonni 3 ko 6 da suka wuce ne, domin jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, balle mai shan asfirin ko maganin tsinka jini.

Amma jikinta ba zafi, ta yaya za a ce ƙwayar cuta ce?

Tsofaffi da yawa ba sa yin zazzaɓi ko da ciwon ya yi nisa, wasu ma jikin sanyi yake yi. Ku ƙirga numfashinta tana kwance, idan ya kai 25 a minti ɗaya akwai matsala ko ba tari. Abin da ke ɓata lokaci shi ne a je kemis a ce "maleriya da taifot ne" a yi kwana 3 ana allura a gida ba gwaji. Ko a asibiti ma, idan an ga ƙwayar cuta a fitsarin tsohuwa ba shikenan an gama ba, mata tsofaffi da yawa suna da ita a fitsari ba tare da tana cutar da su ba, don haka a ci gaba da duba sauran wurare.

Waɗanne magunguna ne ke rikita tsoho?

Maganin mura da ƙaiƙayi masu sa barci irin su Piriton da Phenergan, maganin barci irin su Valium da Lexotan, masu kashe zogi masu ƙarfi irin su tramadol, kodin da allurar pentazocine, sai amitriptyline da ake bai wa masu zafin tafin ƙafa, Buscopan, Artane, da prednisolone ko dexamethasone waɗanda ake yawan cusawa cikin haɗin "ciwon jiki" na kemis, ƙwaya 5 ko 6 a ƙulle a leda ba suna. Maganin hawan jini mai sa fitsari kamar Moduretic yana iya sauke gishirin jini. Maganin suga kuma, musamman Daonil da insulin, idan an sha ba a ci abinci ba suga na faɗuwa warwas. Ƙodar ɗan shekara 80 ba ta wanke magani kamar ta ɗan 30, abin da kai za ka sha ka wuce kasuwa shi yini zai yi a jikinsa.

Daina wasu farat ɗaya ma yana kawo ruɗewar. Wanda ya shekara yana shan Valium kullum, ko mai shan giya a ɓoye, idan an kwantar da shi ya rasa, bayan kwana 2 zuwa 3 sai rawar jiki da gane-gane har da jijjiga. Kunya ba ta da wuri a nan, a ja likita gefe a faɗa masa. Kuma kada ku tsayar da magani da kanku, ku kwashe duka ku kai, duba amsar abin da za a faɗa wa likita.

Ya rikice cikin azumi, ga zafi. Mu jira a sha ruwa mu gani?

Kada ku jira. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yadda yaro ke ji, jikinsa zai bushe bai nemi ruwa ba. A farkon Afrilun 2024 da zafi ya haɗu da azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana 4, da yawansu sun haura shekara 60. Irin zafin nan mun san shi a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram.

Idan yana farke kuma yana iya haɗiya a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ko ruwan gishiri da suga, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki. Mai ciwon suga a gwada nan take, ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya faɗi ke nan, a dama suga ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa ya sha. Ba na'ura kuma yana gumi yana rawar jiki, a ba shi sugan kawai. Ko ya dawo hayyacinsa a kai shi asibiti, don Daonil na daɗewa a jiki sugan zai iya sake faɗuwa cikin dare. Wanda ba ya farkawa sosai kuma ba a ɗura masa komai a baki, huhu zai tafi. Maganar azumi kuwa marar lafiya yana da rangwame, wannan kowane malami zai faɗa muku.

Akwai gwajin da zan iya yi a gida in tabbatar?

Akwai wanda ma'aikatan lafiya ke yi cikin minti 2, sunansa 4AT, a Edinbura ta Sikotilan aka tsara shi a 2011. Ana duba ko mutum yana farke sosai, a tambaye shi shekarunsa da ranar haihuwa da inda yake da shekarar da ake ciki, a ce ya lissafo watanni daga Disamba ya yi baya, sannan a tambayi 'yan uwa ko canjin sabo ne. Sai dai iyayenmu da yawa ba su taɓa sanin ranar haihuwarsu ba kuma watannin Bature ba su dame su ba, faɗuwa wannan ba ya nufin komai. Ku gwada da abin da ya sani: ya jero ranakun mako daga Asabar ya yi baya, Juma'a, Alhamis, Laraba, har Lahadi. Ku tambaye shi wace sallah aka yi yanzu, a gidan wa yake. Mai ruɗewa zai kai Alhamis ya tsaya yana kallon bango ko ya juya ya ci gaba da lissafi ta gaba.

Gaisuwa kuwa ba gwaji ba ce. Likita zai zo zagayen safe ya ce "Baba ina kwana, ya jiki?" Baba ya gyara hula ya ce "lafiya lau, da sauƙi Alhamdulillahi, ya aiki ya iyali", likita ya rubuta ya wuce gado na gaba, alhali daren jiya mutum uku ne suka riƙe shi. Gaisuwa ta zauna a baki tun yarinta, ita ce ta ƙarshen ɓacewa. Sai ke mai jinya kin buɗe baki.

Yaushe za mu tafi asibiti, kuma wanne? Wasu sun ce mu kai shi Dawanau

Ranar da kuka lura, ba gobe ba. Kuma babban asibiti na gama-gari za ku fara zuwa, ɓangaren gaggawa, inda za a iya gwada jini a ɗauki hoton ƙirji. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin su Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato ko Barnawa a Kaduna suna da aikinsu, amma tsohon da bai taɓa taɓin hankali ba a rayuwarsa ya rikice cikin kwana 2, jikinsa za a fara bincika.

Waɗannan kuma ko tsakar dare ne a nemi mota: baki ya karkace ko hannu ko ƙafa ta saki ko magana ta lauye, wuya ya sanƙare, jijjiga, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, yini guda ba fitsari, an bugu a kai, ko ana tashinsa ba ya tashi.

Me zan faɗa wa likita? In na je sai in rasa ta inda zan fara

Fara da wannan: "ba haka yake ba, ranar kaza ya canza." Likita bai san Baba ba, yana ganin tsoho a rikice zai iya ɗauka haka yake tun bara. Faɗa masa abin da yake iya yi kafin nan, shi ke zuwa masallaci da ƙafarsa, shi ke riƙe lissafin shago. Wanda ya fi zama da shi a gida shi ya kamata ya yi bayani, ba babban ɗa da ya iso daga Abuja da safe ba, ko da kuwa shi ke biyan kuɗi.

A zuba duk magunguna a leda a tafi da su, na asibiti da na kemis da na ido da jiƙe-jiƙe da garin gargajiya. A faɗi rabonsa da bayan gida da fitsari, me ya ci me ya sha, ko ya faɗi. Yawanci za a gwada suga, maleriya, jini, ƙoda da gishirin jini, fitsari, a sa abin auna oksijin a yatsa, wani lokaci hoton ƙirji da gwajin zuciya. Hoton kai mai tsadar nan ba kowa ke buƙata ba, an fi yin sa ga wanda ya bugu ko aka ga alamar shanyewar jiki ko aka rasa dalili.

Dangi sun ce aljanu ne ko jifa, a fara ruƙiyya tukun

Ba wanda zai hana ku addu'a da tofi da karatu, sautin da ya saba ji ma yana kwantar masa da hankali. Abin da ake roƙo shi ne a haɗa, malam ya yi nasa a gefen gadon asibiti. Kwana 3 da za a yi ana jiran a ga ko ruƙiyya za ta ci, limoniya ba ta jira. Kuma dan Allah ban da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki ga mai wahalar numfashi, ban da duka, ban da matse hanci a ɗura rubutu ga wanda ke gyangyaɗi.

Wani abu mai ciwo shi ne tsohuwa cikin magagi ta ce ita ta kama wane ko ta ga wance a bakin rijiya, sai a ce ai ga shi ta tona kanta mayya ce. Wadda ba ta san a wane gari take ba, maganarta ba ta zama shaida a kanta ko a kan wani. Gidaje sun watse a kan irin wannan.

Lafiya lau muka kai ta tiyata, ta fito ta rikice. Kuskure aka yi?

Ba lallai ba. Abu ne sananne bayan tiyata, ya fi bayyana a kwana na 1 zuwa na 3, kuma bayan aikin karayar ƙugu yana iya kaiwa rabin tsofaffi. Allurar barci, zubar jini, zogi, yinin da aka yi ba ci ba sha, robar fitsari, ga baƙon ɗaki da fitila a kunne har asuba, duk sun taru a kanta. Ku sanar da nas da likitan da ya yi aikin don a duba jini da oksijin da wurin ɗinki. Kada ku hana a ba ta maganin zogi wai don kar ta ƙara rikicewa, zogin kansa na rikitawa, a dai zaɓi wanda ya dace. Da an ba da izinin tashi a zaunar da ita a taka da ita, kuma ku riƙa tambaya yaushe za a cire robar.

Yana ganin mutane a ɗaki, yana zagina, ya ce guba nake ba shi. In biye masa ko in musa?

Ko ɗaya. Musu ba ya kai ku ko'ina don shi a wajensa da gaske yana gani, in kuma kin ce "e ga su nan" kin ƙara masa tsoro. Ki zo ta gabansa inda zai gan ki, ki sauko daidai fuskarsa, ki ce "Baba ni ce autarka, muna asibiti, yanzu aka yi isha'i, ni ban gan su ba amma ina nan ba inda za ni." Gajerun maganganu, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma za ki maimaita sau da yawa. Ban da yi masa jarrabawa, "wace ce ni? ka gane wannan?", kunyata shi kawai ake yi. Idan ya ƙi abinci ki ci a gabansa, ko ki bari bayan minti 15 wani ya miƙa masa.

In Inna ta nemi yayarta da ta rasu shekaru 20 da suka wuce, ba sai an sake yi mata sabuwar ta'aziyya kowane dare ba, a ce "kina kewarta ko Inna?" a bar ta ta yi zancenta. Zagin kuwa na san yana da zafi, musamman ga suruka da ta bar gidanta ta zo jinya sai ga shi ita ake cewa ɓarauniya a gaban mutane. Yawanci wanda ya fi kusa shi ke shan abin. Ba wani abu ne da ke ɓoye a zuciya ya fito ba, ciwo ne.

Me ya sa abin ya fi tashi da dare, kuma ya za mu yi?

Ga gajiya, ga duhu, ga barcin da ya juye rana ta koma dare. Gyaran dare tun da rana ake fara shi: a buɗe taga, a fito da shi tsakar gida da hantsi, a rage barcin rana, bayan la'asar ba shayi mai kauri ba kofi ba goro. A sa masa gilashinsa, in yana da abin ji a kunne a sa, wanda ba ya gani ba ya ji dole ya cike gurbin da zato. Kowane kiran sallah a faɗa masa wacce ce.

Da dare a bar ƙaramar fitila. A sauke rigunan da aka rataye a bango, babbar riga da hula a kan ƙusa cikin duhu mutum ce a tsaye. A kawar da wuƙa da ashana da magunguna, a rufe rijiya da ƙofar gida, fo da buta su kasance kusa, katifa a ƙasa ta fi gado mai tsawo. Wani ya kwana a ɗakin.

Mu ɗaure shi a gado? Ko a yi masa allurar barci kowa ya huta?

Ɗauri yana ƙara abin ne, mutumin da dama yake zaton kama shi aka yi ka zo ka ɗaure masa hannu da zani, zai yi ta fisga har fata ta sale. Kafin komai a duba mara da bayan gida da zogi kamar yadda aka faɗa a amsar abin da ke kawo ta. In allurar ƙarin ruwa yake cirewa a naɗe wurin da bandeji a ba shi carbi ya riƙe, in tafiya yake so a riƙe shi a ɗan zaga da shi.

Babu maganin da ke warkar da ruɗewar kanta, sai an gyara abin da ya kawo ta. Idan mutum zai ji wa kansa ko wani ciwo, likita kan ba da haloperidol ɗan kaɗan na 'yan kwanaki, kuma ba a bai wa mai ciwon Fakinsin, wato mai rawar hannu da taurin jiki. Valium ƙara dagula abin yake yi, sai ga mai ruɗewar rashin giya ko jijjiga. Kiran mai kemis ya zo gida ya yi allurar barci haɗari ne babba.

'Yan dubiya fa? Ba ma iya hana mutane

Ba hanawa za a yi ba, tsarawa za a yi. Mutum 2 a lokaci ɗaya, a gaisa a yi addu'a a fito, sauran a karɓe su a zaure ko a waje. Mutum 10 a kansa, wannan na kuka wannan na waya a sifika wancan na ɗaukar bidiyo zai tura wa dangi, mai lafiya ma sai kansa ya juya. Kuma yana ji, da yawa suna tuna wani abu bayan sun warke, don haka zancen "anya zai tashi kuwa" a yi shi a waje.

Sallolin da suka wuce shi fa? Kuma cikin ruɗewar ya ce ya saki Hajiya, ya ce ya ba wane gida

Sananne ne a addini cewa an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe. Kada a tsaya kansa ana "ba ka yi daidai ba sake", in ya nemi yin sallah a taimaka masa a zaune ko a kwance. Hukuncin ramuwa da na saki da kyauta a kai wa malami masani, a gaya masa gaskiyar halin da mutumin yake ciki lokacin, in da hali da takardar likita. Ban da sa shi sa hannu ko dangwala yatsa a wata takarda, ko karɓar lambar katin banki, wai don an ga ya ɗan dawo da hantsi.

Zai dawo daidai kuwa? Yaushe?

Da yawa suna washewa cikin 'yan kwanaki zuwa mako 1 ko 2 bayan an magance dalilin. Amma hankali yana bin bayan jiki ne, zazzaɓi zai sauka gwaji ya yi kyau a sallame ku alhali har yanzu da saura, wasu sai an yi makonni ko watanni. Wasu kuma gaskiya ba sa komawa yadda suke ɗari bisa ɗari, musamman mai gigin tsufa dama, kuma wanda ya taɓa yi yana da haɗarin sake yi da na samun gigin tsufa nan gaba. In an yi wata 2 zuwa 3 mantuwa ba ta tafi ba a koma a duba ƙwaƙwalwa. Ga wanda ciwonsa ya riga ya kai ƙarshe, ruɗewa kan zo a kwanakin ƙarshe, a nan abin nema shi ne a sauƙaƙa masa zogi da tsoro.

Wanda ya warke yakan ji kunya ko ya riƙa tuna abin kamar mugun mafarki. A gaya masa ciwo ne ya kawo kuma ya wuce, kada jikoki su mai da abin da ya faɗa abin dariya.

Ana iya kare shi kafin ya faru?

Ana iyawa, kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100. A 1999 wata likitar tsofaffi a Amurka, Sharon Inouye, ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi a asibitin jami'ar Yel, masu ruɗewa suka sauko daga kashi 15 zuwa kusan 10, kuma ba da wani sabon magani ba, da ruwan sha ne da gilashi da abin ji da tashi a taka da barci ba ƙwaya da tuna wa mutum rana da wuri. Duk abubuwan da mai jinya a asibitocinmu ke iya yi ne, tunda dama mu ke kwana da marasa lafiyarmu. Duk lokacin da za a kwantar da shi ko za a yi masa tiyata ku faɗa tun a ranar farko cewa ya taɓa rikicewa. In zai tafi Hajji ko Umara ma a gaya wa likitocin tawaga da wanda zai kula da shi.

Ni kaɗai ce a kansa, kwana nawa ban runtsa ba

Jinyar mai ruɗewa ba aikin mutum ɗaya ba ce, a zauna da 'yan uwa a raba kwana tun kafin ke ma ki kwanta, maza ma su karɓi dare musamman in Baba ne, don kama shi zuwa bayi da tsarki ya fi masa sauƙi a hannun ɗa namiji. Sai dai kar a yi ta canza fuska, mutum 2 ko 3 da ya sani su riƙa karɓa-karɓa. A ajiye ƙaramin littafi a gefen gado, duk mai sauka ya rubuta abin da aka ci, kofi nawa na ruwa aka sha, fitsari da bayan gida, maganin da aka ba da da ƙarfe nawa, da lokacin da ya rikice. Shi za a miƙa wa mai karɓa, shi kuma za a nuna wa likita a zagayen safe.